Darasi: Kula da Ƙaramin Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Akwatin kifin da ake nufi a wannan darasi shi ne ɗan ƙaramin nan na gilashi da ake ajiyewa a falo ko ofis, mai cin ruwa lita 20 zuwa 60, da yashi ko tsakuwa a ƙasansa, da tsirrai masu rai, da 'yan ƙananan kifaye na ado. Mutane da yawa suna sayensa da murna, bayan wata ɗaya ko biyu ruwan ya yi kore, kifayen su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a ɗauke gilashin a kai shi bayan ɗaki. Wanda hakan ta same shi yakan ce kifi marar lafiya aka sayar masa, ko ya ce don bai sayi injuna masu tsada ba ne. Galibi ba nan gizo ke saƙa ba. Kifin kogi yana zaune ne cikin ruwa mai wucewa, abin da ya fitar yanzu kafin an jima ya yi gaba. Ruwan akwati kuwa ba shi da mafita. Duk abin da aka zuba masa, abinci ne ko taki ko gishirin da ke narke cikin ruwan famfo, yana nan ciki, sai dai ya sauya kama, har ranar da hannun mutum ya fitar da shi. Don haka kula da wannan akwati lissafi ne na shiga da fita: a taƙaita abin da ke shiga, a riƙa fitar da abin da ya taru kaɗan-kaɗan a kai a kai. Duk sauran dabarun da za a ambata daga wannan suka fito.

Babbar ƙofar shiga ita ce abinci. Busasshen abincin kifin ado da ake sayarwa a gwangwani yakan ƙunshi furotin kusan kashi 40 cikin ɗari, shi kuma furotin kimanin kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa sinadarin naitirojin ne. Ke nan giram ɗaya na abincin yana ɗauke da naitirojin miligiram 64. Kifi yana riƙe kaɗan daga ciki ya gina jikinsa, saura ya fitar da shi, mafi yawa a matsayin amoniya ta wuraren numfashinsa da ke gefen kai, wani kuma ta kashi. Abincin da bai ci ba ya nutse ya ruɓe, shi ma amoniya yake komawa. Amoniya guba ce ga kifi ko da 'yar kaɗan ce, tana ƙona masa wurin numfashi, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ya karkata wajen kanwa-kanwa. Abin lura shi ne ba ta da launi. Ruwa yana iya yin garau kamar na sha alhali yana kashe kifi. A nan ake ganin illar ƙanƙantar akwati: tsinken abinci guda da za a zuba a lita 100 ya ɓace, idan aka zuba shi a lita 10 ƙarfin gubarsa ninki goma ne. Ƙa'idar da masu kiwo suka saba da ita ita ce a ba kifi abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu, sau ɗaya a rana. Kifi mai lafiya kullum kamar mai jin yunwa yake, da ya hangi mutum zai taso, kuma a gidan da yara ko baƙi ke zuba masa abinci duk lokacin da suka wuce, ba a rasa gawa.

Abin da ke hana amoniya taruwa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Wani rukuni yana mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Wani rukunin kuma yana mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai yi yawa ba. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi wajen shekarar 1890, kuma bincike na ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa a akwatin kifi nau'in da ake kira Nitrospira ne ke yin yawancin aikin mataki na biyu. Abubuwa biyu game da su ya kamata mai akwati ya riƙe. Na farko, ba yawo suke yi cikin ruwa ba, manne suke a jikin soson filta (injin tace ruwa) da tsakuwa da ganye. Na biyu, suna da jinkirin hayayyafa ƙwarai. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da kashin kifi. Wannan ne dalilin mutuwar da ake gani a watan farko: an haɗa akwati da safe, an zuba kifi goma da yamma, amoniya ta hau ba mai tare ta. Maganin haƙuri ne. A dasa tsirrai, a kunna filta, a riƙa jefa ɗan burbushin abinci cikin ruwan da babu kifi don ƙwayoyin su samu abin ci, a jira makonnin nan, sannan a sa kifi uku ko huɗu, bayan mako biyu a ƙara. Wanda ya samu guntun tsohon soso daga lafiyayyen akwatin wani ya rage wa kansa jira.

Su kuma tsirrai, amfaninsu ya wuce ado. Kashin kifi a wurinsu taki ne, kuma yawancin tsirran ruwa sun fi son zuƙar amoniya kai tsaye a kan naitiret, ke nan suna kwashe gubar tun daga tushe. Sai dai ba duka suke aiki ɗaya ba. Akwai masu jinkirin girma, kamar Anubias, wanda asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru. Nau'insa da ya fi yaɗuwa, Anubias barteri, an raɗa masa sunan Charles Barter, masanin tsirran da ya shiga tawagar Baikie ta binciken kogin Neja a 1857 ya rasu a Rabba a 1859. Yana jure ƙarancin haske da sakaci, amma yana da sharaɗi: kakkauran karan nan da ke kwance, wanda ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa, ba a binne shi. A ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, in aka tura shi cikin yashi ruɓewa zai yi. Tunda ganye ɗaya yake fitarwa cikin makonni, abin da yake zuƙa kaɗan ne. Masu kwashe datti da gaske su ne masu saurin girma, irin su Vallisneria mai dogon ganye kamar ciyawa, da Ceratophyllum wanda ba ya ma buƙatar dasawa, da masu yawo a saman ruwa. Kainuwa tana cikin waɗanda suka fi ƙwazo, domin ganyenta a sarari yake, tana samun iskar kabon dayoksaid daga sama ba tare da takura ba, saiwarta kuma tana tsotsar taki daga ruwa. Wanda zai ɗebo ta daga kududdufi ya yi hattara. Tana zuwa da matsattsaku da tsutsar mazari mai cin 'ya'yan kifi, kuma ƙananan dodon koɗin tafki su ne ke ɗaukar ƙwayar cutar tsargiya. A wanke ta, a ajiye ta a bokiti daban na makonni ana dubawa, a cire duk dodon koɗi da ƙwansa kafin ta shiga akwati.

A nan wani zai ce, to in bakteriya suna sarrafa guba, tsirrai suna cinye taki suna ba da oksijin, me ya rage wa mutum? Ai sai a bar akwati ya riƙe kansa. Wannan ra'ayi tsoho ne, kuma yana da madogara. A shekarar 1850 wani masanin kimiyyar sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton yadda ya ajiye ƙananan kifin zinariya biyu da Vallisneria a cikin gilashi mai cin kimanin galan 12. Da tsofaffin ganye suka ruɓe ruwa ya gurɓace, sai ya sa dodon koɗi suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya washe, ya daɗe bai canja shi ba. A zamanin nan ma Ba'amurkiya Diana Walstad, a littafinta na 1999 kan muhallin akwati mai tsirrai, ta nuna yadda ake shimfiɗa ƙasar lambu a rufe ta da tsakuwa, a cika akwatin da tsirrai, a yi watanni ba a canja ruwa ba. Ba a musun waɗannan. Amma a dubi abin da suka yi da kyau. Warington kifi biyu ne kawai gare shi a ruwa mai yawa, wato ya taƙaita shiga matuƙa. Tsarin Walstad kuma ya dogara ne kan tsirrai masu yawa da ake yankewa a kai a kai, kuma duk damin ganyen da aka yanke aka zubar, naitirojin ne ya fita daga akwati. Tsiro ma'aji ne kawai. Ganyen da ya mutu ya ruɓe a ciki yana mayar wa ruwa duk abin da ya ɗauka. Ke nan ko a misalan da ake kafa hujja da su akwai ƙofar fita, almakashi ne ya maye gurbin bokiti.

Lissafi mai sauƙi zai nuna abin da ke faruwa idan babu ƙofar. A ɗauka akwati yana tara naitiret miligiram 10 a kowace lita duk mako, bayan abin da tsirrai suka ci. Idan ana kwashe rubu'in ruwan kowane mako ana zuba sabo, adadin zai hau a hankali ya tsaya wajen 40 kafin canji, 30 bayansa, ba zai wuce nan ba. Idan kuwa ba a kwashewa, sai dai a cike gurbin abin da ya ƙafe, cikin wata shida ya kai 260. Ciko ba canji ba ne. Ruwan da ke tashi sama a matsayin tururi shi kaɗai yake tafiya, ya bar naitiret da gishiri a baya, kuma kowane ciko yana kawo sabon gishiri. Farin zanen da ke fitowa a bakin gilashi shi ne shaida. Wannan ya fi tsanani da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe ruwa ke saurin ƙafewa, kuma ya fi tsanani ga mai amfani da ruwan rijiyar burtsatse mai yawan ma'adinai.

Shi canjin ruwan ba ya cin fiye da minti 20. A tanadi sabon ruwa tun jiya a bokitin da ba a taɓa sa masa sabulu ba, a bar shi a buɗe a ɗakin da akwatin yake. Kwana ɗaya ya isa kulorin ɗin ruwan famfo ya fita, zafin ruwan kuma ya daidaita da na akwati. Inda ake amfani da kuloramin wajen tace ruwa, ajiyewa ba ta fitar da shi, sai an ɗiga maganin kashe kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa. A cire wayar wuta daga soket kafin a sa hannu. A goge gilashi ta ciki da soso mai tsabta, a tsinke ganyen da ya yi rawaya, a rage kainuwa har ya zama ba ta rufe fiye da sulusin saman ruwa ba. Sannan a ɗauki siririn tiyo, kai ɗaya cikin akwati, ɗaya cikin bokitin da ke ƙasa. Da ruwa ya fara gangarowa, a bi saman tsakuwa da bakin tiyon, za a ga baƙin burbushi yana tashi yana bin ruwa. A toshe da babban yatsa in ƙaramin kifi ya matso. Kusa da saiwar tsirrai ba a tona ƙasa. Idan rubu'i ya fita a tsaya. Soson filta, in ya toshe, a matsa shi sau biyu ko uku cikin ruwan nan da aka kwaso, a mayar da shi da sauran launin ƙasa-ƙasa a jikinsa. Sabon ruwa a zuba shi a hankali kan tafin hannu ko faranti don kada ya tumɓuke shuka. A ƙarshe a wanke hannu da sabulu, mai rauni a hannu kuma ya sa safar roba, domin akwai ƙwayar cutar fata da ake ɗauka daga ruwan kifi.

Akwai masu kuskure ta ɗaya ɓangaren, kuma su ne suka fi ban tausayi domin ƙwazonsu ne ke cutar su. Suna cewa in datti ne matsala, me ya sa za a tsaya kan rubu'i? Sai su kwashe kifi su sa a kwano, su zubar da ruwa duka, su wanke tsakuwa da filta a bakin famfo har su yi fes. Abin da suka wanke ɗin nan shi ne bakteriyar da aka yi mako shida ana jira. Kulorin ya kashe su, akwati ya koma sabo fil, amoniya ta sake hawa, ga kifi an jefa shi cikin ruwan da ya bambanta da wanda ya saba da shi a zafi da gishiri. Bayan kwana uku a ga mutuwa, sai a ce wankin bai isa ba, a sake wani.

Haske shi ne ƙofar shiga ta biyu, kuma ita ce aka fi mantawa. Gansakuka da tsirrai abinci ɗaya suke ci. Tsiro ba ya iya amfani da haske fiye da gwargwadon kabon dayoksaid da takin da yake samu, rarar da ya bari gansakuka ce ke morewa. Awa shida zuwa takwas na fitila a rana sun wadatar, a lokaci guda kullum, kuma kada a ajiye akwati inda rana ke dukansa ta taga. Za a iya kawo hujja da hotunan akwatunan Takashi Amano, ɗan Japan ɗin da ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982 ya rasu a 2015, waɗanda ke da haske mai ƙarfi da ciyayi shar kamar fadama. Gaskiya ne, amma waɗannan ana busa musu kabon dayoksaid daga tukunyar gas, ana ɗiga musu taki, ana yankan tsirrai, ana canja ruwa mai yawa duk mako. An ƙara shiga, an ƙara fita daidai da ita. Wanda ya kwaikwayi fitilar ya bar sauran, koren ruwa zai girba. Maganin kashe gansakuka na kwalba ma ba ya warware komai, domin gawarta a cikin akwatin take ruɓewa ta zama takin wadda za ta biyo baya. In ta bayyana, a rage awannin haske, a rage abinci, a cire ta da hannu.

Yawan kifi shi ke yanke hukunci a ranar da abubuwa suka dagule. Yawancin ƙananan kifin ado suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28. Ruwa a digiri 20 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi, alhali a cikin ɗumi ne kifi ya fi buƙatarsa. Da dare tsirrai suna daina ba da oksijin su koma shaƙa, shi ya sa da asuba ake ganin kifi a saman ruwa yana haki. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, idan aka ɗauke wuta filta ya tsaya, akwatin da aka cunkusa wa kifi ba ya kai labari. Wanda ke da kifi kaɗan da tsirrai masu yawa yana iya jure awanni, musamman in an buɗe murfi, an ɗibi ruwa da kofi ana kwararawa daga sama, an kuma dakatar da abinci. Ƙaramin famfon iska mai batir ya fi kowace fitila mai tsada amfani a irin wannan wuri. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, kuma ƙananan kifaye irin su gofi ko tetira takwas zuwa goma sun ishe shi. A tuna gofi haihuwa yake yi ba ƙaƙƙautawa, in an haɗa maza da mata goma za su zama hamsin. Kifin zinariya bai dace da ƙaramin akwati ba, yana kai santimita 15 ko fiye, yana cin tsirrai, kashinsa da yawa. Karfasa da tarwada kuwa tone shuka suke yi. Mai cewa kifi takwas sun yi kaɗan ga ido ya gwada kallonsu a cikin ganye: kifin da ke da maɓoya ya fi fitowa fili, launinsa kuma ya fi tashi. Batun sauro ba abin damuwa ba ne, kifin yana cinye tsutsarsa. Maganin sauro na feshi ne abin tsoro, domin kaɗan daga cikinsa yana kashe kifi. A rufe akwatin ruf a kashe famfon iska kafin a fesa, in da hali ma a bar ɗakin ba feshi.

Abin da aka fitar ma yana da wurin zuwa. Tsohon ruwan taki ne mai kyau ga shukar tukunya. Ganyen da aka yanke a shanya shi ya bushe kafin a zubar, kifin da aka gaji da shi a ba wani mai akwati. Kada ɗayansu ya shiga kwata ko tafki ko kogi. Wata baƙuwar ciyawar ruwa mai shuɗin fure, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, don ado aka fara yaɗa ta a duniya, yau kuma tana toshe hanyoyin ruwa a Legas da kogin Neja wajen Yamai.

Aikin yi: kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗi da tsayin wani akwati ko mazubi mai kusurwa huɗu da santimita, ya ninka ukun, ya raba da 1,000 don samun yawan lita. Ya fitar da rubu'in wannan adadi, ya faɗi bokiti nawa ne. Sannan ya sake lissafin naitiret da aka yi a sama, a wannan karo da canjin rabin ruwa duk mako biyu, ya kwatanta inda adadin zai tsaya da na mai canjin rubu'i duk mako, ya zo da amsarsa darasi na gaba.